Shekarar da Fanus Bai Kira Sunana Ba

Ku 'ya'yana, da jikokina da suka fara wayo, na san abin da ake faɗa a Tudun Wada game da ni da makaɗan nan 'Yan Tsawa. Ana cewa na zargi uwarku, shi ya sa na juya musu baya a shekarar da suka fitar da faifansu na ƙarshe. 'Yata Hadiza ta taɓa tambayata a fakaice, na kawar da zancen. Yanzu da ƙafa ta yi nauyi, gara in faɗa muku da bakina yadda aka yi, kafin masu ƙarin gishiri su gama da labarin.

Sai kun san Fanus za ku gane sauran. Istifanus sunansa, ubansa malamin asibiti ne daga Wusasa, amma a Tudun Wada ya tashi, layinmu ɗaya. Tun muna samari ya tara abokai suka kafa ƙungiyar kiɗa da jita mai aiki da lantarki, irin kiɗan nan mai ƙara da Turawa ke kira rok, sai dai su da Hausa suke waƙa, gangunansu kuma takun kalangu suke bi. Dattawan unguwa suka ce wannan ba kiɗa ba ne, tsawa ce, sunan ya bi su. Ni ban iya kaɗa komai ba, ko tafi na yi sai ya saɓa. Abin da na iya shi ne ɗaukar lasifika a ka daga gidan su Fanus zuwa wurin wasa, daga baya kuma da na fara fita, in kawo masa tsirkiyar jita daga Kwatano, don a lokacin ba a samunta a Zariya. Fanus yana da wata al'ada da ya ɗauko daga makaɗan gargajiya. A waƙar ƙarshe ta kowane faifai, sai ganguna su lafa, jita ɗaya ta ci gaba a hankali, shi kuma ya shiga kiran sunayen mutanensa. Ba ya kiran mutum don dukiyarsa, kowa ya san haka, shi ya sa sunan da ya fito daga bakinsa yake da nauyi. Nawa ne yake zuwa na farko. Yakan ce, Sani ɗan Tudun Wada, mai kwana inda rana ta faɗi.

Wannan kirarin ya riga ni zuwa garuruwa da yawa. Aikina shi ne tafinta da dillanci ga masu fataucin fata da ƙirgi, don haka na zauna Yamai da Agadas da Abijan, na yi Kinshasa, na yi Hartum, na ƙare a Jidda. Na koyi Faransanci da Larabci da Zabarmanci, da ɗan abin da zan sayi abinci da shi a Kwango. A duk inda Bahaushe yake da shago da rakoda, akwai yiwuwar in ji sunana. Wata rana a Abijan na shiga wurin wani tela mutumin Maraɗi, na tarar kaset ɗin 'Yan Tsawa yana juyawa, daidai inda ake kiran sunaye. Na ce masa, ni ne wannan Sanin. Ko ɗaga kai bai yi daga keken ɗinki ba, ya ce, "Malam, kai ne Sani na uku da ya faɗa mini haka a wannan watan." Ban ji haushi ba. Mutum har ya kai a riƙa satar sunansa, ai ya zama wani abu. Wanda bai taɓa daɗewa a baƙon wuri ba ba zai san abin da wannan yake nufi ba. A can babu wanda ya san ubanka, babu wanda ya san gidanku. Ni kuwa ina da shaida a kaset cewa akwai garin da ake ambatona.

Sai zamani ya juya. Waƙoƙin fim suka cika gari, gidan da 'Yan Tsawa suke wasa aka mai da shi shagon sayar da katifa, makaɗan suka watse neman abinci. A wani lokaci da gari ya rikice, Fanus ya kwashe iyalinsa suka koma Wusasa cikin gaggawa, ba su iya ɗaukar kayan kiɗa ba. Uwarku ce ta buɗe musu ɗakin bayan gidanmu, inda kuke ajiye babur yanzu, aka zuba jitoci da ganguna da lasifika. Ta gaya mini ta waya ina Jidda, na ce to, ki ajiye, na manta da zancen. Ita ba ta manta ba. Shekara da shekaru tana fito da su ta shanya bayan damina, tana ɗora su kan bulo saboda gara, tana korar ku in kuka ce za ku taɓa. Da makaɗan suka fara haɗuwa jefi-jefi don kada hannu ya mutu, a tsakar gidanmu suke zama da rana, ƙanena Malam Isa yana zaure, ita kuma ta aika musu da ɗanwake da kunun tsamiya. Duk wannan na sani, amma sanin wanda aka ba labari.

Na dawo gida gaba ɗaya ban fi shekara biyu ba sai labari ya bazu cewa tsofaffin sun shiga ɗakin ɗaukar sauti a Kaduna. Wasu ɗaliban jami'a ne suka tono tsofaffin kaset ɗinsu suka sa a waya, abin ya kama kamar wutar daji, har aka lallashe su su sake sabon faifai. Ranar da ya fito, Hadiza ce ta zo da shi a wayarta, ta haɗa da wata ƙaramar lasifika, muka zauna a tsakar gida bayan la'asar. Kuna wurin kusan dukanku. Na sa an kawo mini kujerata, na gyara hula. Ban gaya wa kowa ba, amma tun daga waƙar farko ƙarshen nake jira. Muryar Fanus ta dushe, ta yi kauri kamar ta wanda ya tashi daga barci, sai dai jitar tana nan yadda na san ta. Aka zo waƙar ƙarshe, ganguna suka lafa. Na ji ya ja numfashi.

Ya ce, Hajiya Asabe, uwar 'Yan Tsawa, ke da kika hana gara cin muryarmu.

Gidan ya kaure. Jikoki suna tsalle, Hadiza tana guɗa, uwarku ta ja gefen mayafi ta rufe fuska tana dariya, tana cewa a daina, a daina. Ni na ɗaga hannu a yi shiru, don ina son in ji na biyu. Ya kira mai shayin da yake ba su bashi, ya kira wani direban Tudun Jukun, ya kira ɗaliban nan ɗaya bayan ɗaya, yaran da ko haihuwar iyayensu ba a yi ba sa'ad da nake ɗaukar lasifika a ka. Ya kira matattu. Jita ta mutu. Babu Sani.

Hadiza ta ce, "Baba, ko an yanke ne? Bari in maido baya."

Na ce, "Bar shi. Kunnena lafiya lau yake."

Sati bai zagayo ba faifan ya raba masoya gida biyu. A majalisarmu ta bakin titi, inda muke zama bayan sallar magariba, tsofaffi suna cewa Fanus ya tsufa, mai ganga kuma hannunsa ya yi sanyi, da sun bari an tuna da su yadda suke. Wani tsohon malamin firamare ya ce shi kam ya saurara har ya yi hawaye, aka yi masa ca, aka ce ciwon ido ne. Matasa kuwa ba su san wani Fanus ba sai wannan, don haka dushewar muryar ma ita suke so. Masu a-daidaita-sahu daga Kwangila zuwa Ƙofar Doka ba su da wata waƙa. Mai wankin mota, mai gyaran waya, 'yan mata masu zuwa islamiyya, kowa ya haddace wurin sunaye. In uwarku ta fita unguwa, sai ka ji yara daga nesa suna cewa ga uwar 'Yan Tsawa nan. Mata suka riƙa shigowa yi mata barka kamar ta sauka daga Makka. Ni kuwa in sun wuce ni a zaure sai su durƙusa su ce, "Alhaji, ina wuni, Hajiya tana ciki?"

Na ga masoya kiɗa iri-iri a duniya. A Kinshasa na ga an ba hammata iska a kan wane mai jita ya fi wane. A Hartum mutum zai zauna shiru yana kaɗa yatsa a sama, hawaye na zuba, ba ya ko motsi. A Agadas matasa suna bin makaɗi cikin rairayi kamar masu bin malami. Amma ban ga inda mai son waƙa yake jiran waƙar ta san da shi ba kamar ƙasar Hausa. Balarabe yana son mawaƙi daga nesa, ya ishe shi. Mu kuwa sai mawaƙin ya juyo ya ce wane ɗan wane. In ya saba juyowa, ran da bai juyo ba, kamar an tashe ka daga tabarma ne a gaban mutane.

Da yake an san na yi yawo, majalisa ta jira hukuncina. Alhaji Tanimu mai kemis, wanda muka yi firamare tare kuma bai taɓa barin magana ta kwana ba, shi ya tsokano ni.

Ya ce, "To, mai kwana inda rana ta faɗi, kai da ka ji kiɗan duniya, yaya ka gani?"

Na ce, "Waƙa ta biyu salon mutanen Agadas ne, ta huɗu kuma na ji irinta a Kwango tun kafin a haifi ɗan autanka. Da tsawa ce, yanzu yayyafi ne."

Ba ƙarya na yi ba, akwai ƙamshin waɗannan wurare a ciki. Abin da ban faɗa ba shi ne ni na kawo wa Fanus kaset ɗinsu da hannuna, kuma ya sarrafa su har sun zama nasa. Maganar yayyafi ta fita daga majalisa ta shiga wayoyi, tsofaffi suka riƙe ta kamar sanda, matasa suka riƙa tambaya wane ne wannan tsohon. Tanimu bai tsaya nan ba. Ya matso, ya rage murya yadda kowa zai ji.

Ya ce, "Ni dai ba ruwana. Amma namiji yana kiran sunan matar mutum a lasifika, har a cikin a-daidaita-sahu, ai dole rai ya sosu. Ko ba haka ba, Alhaji?"

A nan ne ya kamata in ce masa ya kama bakinsa. Na yi shiru, don in na ce ba wannan ba ne, za a tambaye ni to mene ne, ni kuwa ba zan iya cewa a gaban sa'o'ina dattijo da furfura yana fushi don ba a sa shi a waƙa ba. Shirun nan shi ne asalin duk abin da kuka ji. Kafin Juma'a zancen ya shiga gidaje da ƙafarsa.

Uwarku ta same ni da safe ina shan koko. An sa ranar ƙaddamar da faifan a wani ɗakin taro a nan Tudun Wada, an kuma aiko mata takanas. Ta zauna a bakin tabarma, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Alhaji, an ce kana zargina."

Na ce, "Wa ya ce?"

"Gari ya ce. Ni da jikoki goma sha. Ni da Fanus, wanda matarsa ce ta yi mini wankan jegon Hadiza." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "In ba ka son in je, ka faɗa, in zauna. Amma kada ka ce mini ba ka hana ni ba, na san wannan maganar taka."

Na ce, "Ban taɓa zarginki ba, Asabe. Ko sau ɗaya."

Ta ce, "To ni na sani. Saura gari."

Ranar nan na hau mota na tafi Wusasa. Na tarar da Fanus a gindin mangwaro, ƙafarsa ɗaya a kumbure kan kujera, jita a cinya. Ya gan ni ya washe baki.

Ya ce, "A'a, mai yayyafi. Ka zo da laima?"

Muka gaisa, matarsa ta kawo ruwa, muka tambayi yara. Na daɗe ina kewaye-kewaye, shi kuma ya bar ni ina yi, don ya san ni. Daga ƙarshe na tambaye shi kai tsaye me na yi masa.

Ya ce, "Ba ka yi mini komai ba. Sani, ka taɓa ganin na rubuta sunayen nan? In aka zo wurin, ido nake rufewa. Wanda fuskarsa ta zo, shi nake kira. Haka nake yi tun muna yara, ka sani."

Na ce, "To?"

"Na rufe ido, ban gan ka ba." Ya ɗan taɓa tsirkiya ɗaya ya kashe ta da tafin hannu. "Na nema ma. Na ga wani saurayi da lasifika a ka, amma wannan ai na riga na kira shi, sau nawa. Kai na yanzu ban san fuskarka ba. Shekara biyu kana gari, yau ka fara taka gidan nan."

Na ce ai shi ma bai zo ba. Ya nuna mini ƙafarsa. Na ce ana iya aikowa. Ya ce ana aika wa baƙo ne.

Sa'an nan ya ce, "Ga abin da za a yi. Ran Asabar zan sa a ajiye maka kujera a gaba, kusa da ta Hajiya. Ka zo ka zauna. Ba sai na rufe ido ba."

Na dawo gida ina juya wannan tayin a raina. Da alheri ya yi shi, ban musa ba. Amma ni abin da na ji shi ne, in zo in zauna a gaba kamar mai jiran rabon zakka, duk garin da ya ji maganar yayyafi yana kallo, a kira ni don an ga na zo nema. Sunan da aka kira ni da shi a da, ban roƙa ba. Ga kuma uwarku, wadda shiruna ya ɓata wa suna. Abu biyu ne, kuma na ga zan iya gyara ɗaya ba tare da na sunkuya wa ɗayan ba.

Ran Asabar bayan azahar na ce ta shirya. Na sa babbar rigata ta shadda, na fito da mota da kaina, ban bar ɗana Nura ya ja ba. Na bi ta gaban kemis ɗin Tanimu a hankali, gilashi a sauke, na tsaya na gaishe shi, na ce Hajiya zan kai wurin wasa, ko yana da saƙo. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, yana duban ƙasa. A ƙofar ɗakin taron mutane sun cika har titi. Na fito na zagaya na buɗe mata ƙofa, abin da na gani a wurin Faransawa ban kuma taɓa yi ba, na raka ta har bakin shiga, kowa yana gani. Yara suka ɗauki kiran sunanta. Ta juyo tana jira in wuce gaba.

Na ce, "Shiga. Ina mota."

Ta ce, "Alhaji."

Na ce, "Shiga, Asabe, ana jiranki."

Na koma na zauna a mota a ƙarƙashin wata dalbejiya, na bar gilashi a buɗe. Daga nan ana jin komai. Zan faɗa muku abin da ban faɗa a majalisa ba: ban taɓa jin sun yi kiɗa kamar na ranar ba, ko a ƙuruciyarsu. Na tashi na yi la'asar a masallacin gefe na dawo, suna yi. Da rana ta yi sanyi aka zo waƙar ƙarshe. Ganguna suka lafa. Ya kira uwarku, ɗakin ya ɗauka kamar rufin zai tashi. Sai ihun ya kwanta, jita ta ci gaba ita kaɗai. Ta zagayo inda ya kamata ya sa suna na biyu, bai sa ba. Ta sake zagayowa. Mutane suka yi tsit, har ina jin kukan wani jariri daga ciki. Hannuna yana kan marfin ƙofar mota. Tsakanina da ƙofar ɗakin bai fi tsallaka titi ba. Jitar ta zagayo ta uku, sa'an nan na ji ya ja numfashi ya kira mai shayi.

A hanyar gida, da muka shigo layinmu, uwarku ta juyo ta dube ni.

Ta ce, "Kujerar tana nan. Wani ya zo zai zauna, Fanus ya sa aka tashe shi."

Na ce, "Na ji."

"Idonsa a buɗe yake. Ƙofa yake kallo."

Na ce, "Na ce na ji."

Wannan shi ne wasansu na ƙarshe. Kafin damina ta zagayo ciwon ya kwantar da Fanus, magana ma ta gagare shi. Na riƙa zuwa Wusasa a lokacin, kusan kullum, ina zama kusa da gadonsa ina ba shi labarin garuruwa, yana dubana. Ya san fuskata sosai kafin ya rasu, sai dai babu sauran bakin kira.

Maganar zargi ta mutu tun ranar da aka ga na kai ta da kaina, sai a bakin waɗanda ba su da aikin yi, kuma saboda su nake wannan rubutu. Ku riƙe wannan: uwarku ba ta da abin kunya, ni ma ban taɓa tunanin tana da shi ba. Ƙyashin abin da ta samu na yi, kuma ba zan ce muku ya wuce ba. Ta zauna wuri ɗaya ta sami abin da na zagaya duniya ina taƙama da shi. Ɗaliban nan sun ɗauki wasan ranar, yana cikin wayoyinku, na san kuna tsallake wurin da jita take yawo ita kaɗai don kuna tsammanin Fanus ya manta abin da zai ce ne. Bai manta ba. Ku daina tsallakewa, wurin ubanku ne.